Sabar ɗaya, ma'ajiya biyar: inda cire maimaici ya yiwu da inda ya ƙi a wani ofishin safiyo a Jos

Ofishin na masu safiyo ne da zanen gine-gine, a wani bene da ke kusa da titin Ahmadu Bello a Jos. Ma'aikatansa ba su da yawa, amma aikinsu mai cin wuri ne: taswirar filaye, zanen AutoCAD, hotunan da jirgi maras matuƙi ke ɗaukowa daga Rayfield har Bukuru, da takardun mallakar fili da ake sikanin a adana. Duk wannan kan sabar guda yake taruwa, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da fayilolin kowa, mai ɗauke da Windows Server 2016, wadda wani ya haɗa musu shekarun baya ya kama gabansa. Sabar ta cika. Layin da ke nuna sauran wuri ya koma ja, har ta kai mai zane ya gama aikin yini ya je ajiyewa kwamfuta ta ce masa babu wuri.

Shugaban ofishin ba ya son sayen sababbin faifai, kuma yana da hujja. Faifan sabar ba kayan da za ka shiga Terminus ka ɗauko ba ne, sai an yi oda daga Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 duk abin da ake shigowa da shi da dala ya yi tashin gwauron zabo. A wani taro a Abuja ne ya ji cewa Windows Server na da wani abu a cikinsa, kyauta, mai rage cin wuri da rabi. Da aka kira ni, abin da ya fara faɗa ke nan: "Injiniya, an ce kunnawa kawai ake yi. Ka kunna mana a huta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai shi. Amma ba a kan sabar ake kunna shi ba, a kan kowane ɓangaren ajiya ne daban, kuma ba kowanne ke karɓa ba."

Abin da aka gaya masa gaskiya ne. Microsoft ta saka Data Deduplication a cikin Windows Server tun fitowar 2012, ba a biyan wani lasisi dominsa. Aikinsa cire maimaici. Yana bin fayilolin da ke kan ɓangare a bayan fage, ya yayyanka kowanne gutsi-gutsi, daga kilobayit 32 zuwa 128, ya ɗauki tambarin lissafi na kowane gutsure. Gutsuren da bai taɓa gani ba sai ya matse shi ya kai ma'ajiyar gutsattsari da ke ɓoye cikin foldar System Volume Information. Wanda ya riga ya gani kuwa ba ya sake ajiye shi. A ƙarshe fayil ɗin kansa ya zama manuni kawai, kamar rasit ɗin da mai sito ke ba ka: buhunan na can ciki wuri guda, takarda ce a hannunka, kuma mutum goma na iya riƙe da takardar buhu ɗaya. In ma'aikaci ya buɗe fayil, Windows ce ke harhaɗo gutsattsarin nan take ba tare da ya san an yi ba.

Wuraren ajiya a ofishin biyar ne. Uku na cikin sabar, wato C da D da E. Akwai faifan USB da shugaban ke tafiya da shi gida, akwai kuma wani ƙaramin akwatin NAS, wato ma'ajiyar da ake shiga ta hanyar sadarwa, a saman kabad wanda kowa ke gani a kwamfutarsa da harafin Z. Cikin biyar ɗin nan, guda ɗaya tak ya cika sharuɗɗa.

Ɓangaren C da kayan da bai kamata su zauna a kansa ba

Wanda ya haɗa sabar ya ba C wuri mai yawa, sannan ya buɗe babbar foldar da kowa ke zuba aiki a kanta nan cikin C ɗin, gefen Windows. Ita ce foldar da ta fi kowace cika da maimaici, kuma ita ce ba za a iya taɓawa ba. Cire maimaici ba ya aiki a kan ɓangaren da Windows ke zaune ko wanda take tashi daga kansa, ko da NTFS ne, wato tsarin jera fayiloli da Windows ta saba amfani da shi, ko da wace shekarar Windows Server ce. In ka buɗe Server Manager, manhajar sarrafa sabar, ka danna C, zaɓin a dushe yake. Ko ɗan manhajar gwaji da ke zuwa tare da shi, DDPEval.exe, wadda ke zaune a System32 bayan an girka, ƙin auna C take yi. Dalilin a fili yake in mutum ya duba yadda abin ke aiki: mai harhaɗo gutsattsari wani direba ne, wato ƙaramin ɓangaren manhaja, da sai Windows ta tashi yake tashi, to wa zai harhaɗo wa Windows nata fayilolin kafin ta tashi?

Wannan kuskuren zuba komai a C ya zama ruwan dare a ƙananan ofisoshinmu, domin ranar haɗa sabar babu mai tunanin shekara biyar masu zuwa. Maganinsa ɗaya ne, a kwashe foldar a mayar da ita wani ɓangare. To amma ina? D ma saura ƙiris ya cika. Wannan ya tilasta mana bin tsari ta baya: a fara cire maimaici a D, wurin da aka samu a riƙa kwaso kayan C ana zubawa kaɗan-kaɗan.

Ɓangaren D

D ne kaɗai ya dace ta kowace fuska. NTFS ne, ba na tashin Windows ba ne, faifan a kafe suke cikin sabar, girmansa bai ko kusa da iyakar terabayit 64 da Windows Server 2016 ke ɗauka ba, kuma babu fayil a cikinsa da ya doshi terabayit ɗaya.  Ƙwaƙwalwar aiki, wato ram, ma ta wadatar: mafi ƙarancin abin da Microsoft ta gindaya shi ne megabayit 300, a ƙara 50 kan kowane terabayit na bayanai, amma ta fi son gigabayit ɗaya ga kowane terabayit.

Kafin a kunna komai sai da muka sa DDPEval ta auna. Microsoft na da alƙaluman da take bayarwa: takardun ma'aikata kan ragu da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, foldar gama-gari 50 zuwa 60, ma'ajiyar manhajojin girkawa 70 zuwa 80, fayilolin kwamfutocin Hyper-V, masu aiki a cikin wata kwamfutar, kuma 80 zuwa 95. Waɗannan ba alkawari ba ne ga kowa, kayan da ke kan faifanka ne ke yanke hukunci. A nan awon ya nuna za a samu abin da ya kusa rabi, amma da muka bi folda-folda sai muka ga ragin ba daidai yake rabuwa ba ko kaɗan.

Ɗauki foldar wani aikin fili guda. A cikinta akwai folda mai suna "Final", akwai "Final 2", akwai "Final na Oga", akwai "sabo kar a goge". Kowacce na ɗauke da hotunan jirgi iri ɗaya, ɗaruruwa, domin duk wanda zai taɓa aikin sai ya kwafi foldar gaba ɗaya tukuna don tsoron ɓata na wani. Irin wannan shi ne abincin cire maimaici: kofi huɗu suka koma ɗaya. Amma a cikin foldar dai akwai wasu hotunan da aka tura wa mai fili ta WhatsApp, ya dawo da su, wani ya sake ajiyewa. A ido hoto ɗaya ne da na asali, ga dutsen nan, ga bishiyar nan. A wurin na'ura kuwa ba su haɗa komai ba, saboda WhatsApp ya sake matse hoton, kowane bayit ya canza. Ba a samu ko kilobayit ɗaya daga waɗannan ba. Haka takardar mallaka da aka yi wa sikanin sau biyu a ranaku daban.

Zanen AutoCAD ya faɗo tsakiya. Tun tsarin 2004 fayil ɗin DWG a matse yake daga ciki, haka takardun Word da Excel na zamani waɗanda a haƙiƙa ƙunshin zip ne. In an kwafe su yadda suke, ana samun ragi cikakke. In an buɗe an gyara layi ɗaya an sake ajiyewa, matsewar kan sauya yanki mai yawa na fayil ɗin, sai ragin ya yi ƙasa da yadda mutum zai zata. Manyan hotunan taswira da aka ɗinke daga hotunan jirgi kuwa kowanne shi kaɗai ne irinsa, babu abin cirewa. Akwai kuma waɗanda tsarin ke tsallakewa da gangan: duk fayil da bai kai kilobayit 32 ba, da wanda aka kulle da EFS, makullin sirrin fayil na Windows. Hajiya mai kula da kuɗi ta kulle foldar albashi da EFS, don haka tata ta zauna yadda take, kuma hakan ya fi.

Muka kunna da nau'in Default, wanda aka yi domin foldar ma'aikata. Sauran biyun, HyperV da Backup, na wasu ayyukan ne. A nau'in Default sai fayil ya kwana uku kafin a taɓa shi, kuma ba a taɓa wanda ke buɗe. Wannan ya shafi ƙaurar kayan C kai tsaye. Tun da Windows ba ta cire maimaici a lokacin rubutawa, sai daga baya, duk abin da aka kwaso da cikakken girmansa yake sauka a D. Kuma kwafin da aka yi yau sabon fayil ne a idonta, sai ya yi kwana ukunsa. Muka mayar da wa'adin sifili na ɗan lokaci, a kwaso kaso guda da yamma, a tayar da aikin da hannu, in wuri ya buɗe a kwaso na gaba. Da aka gama muka mayar da shi uku.

Wurin kwasar akwai rami guda da ya kamata duk mai wannan aiki ya sani. Robocopy, umarnin kwafi na Windows, da zaɓin /MIR mai mayar da wuri ɗaya madubin wani, in aka nufa shi kan tushen ɓangaren da ake cire wa maimaici, yana iya share abin da ke cikin System Volume Information don ya daidaita ɓangarorin biyu. Ma'ajiyar gutsattsari ke nan ta tafi, sauran fayiloli sun zama manuni marasa abin nunawa. Microsoft da kanta ta yi gargaɗi a kan haka. Cikin wata folda ta ƙasa muka riƙa zubawa, ba kan tushe ba.

E, wanda shugaban ya fi sa rai a kansa

A kan E kwamfutocin Hyper-V suke, wato kwamfutocin da ke zaune cikin manyan fayilolin VHDX suna aiki a cikin sabar. Shugaban ya ga kashi 80 zuwa 95 ɗin nan, ransa ya biya. Sai dai an yi wa E fomat da ReFS, wani sabon tsarin fayil na Microsoft, ba NTFS ba, kuma a Windows Server 2016 cire maimaici bai san ReFS ba. Sai a wata sigar Windows Server mai lamba 1709 aka haɗa su, sannan ya shigo Windows Server 2019, inda yake ɗaukar ɓangare har terabayit 64 ya kuma yi aiki a kan terabayit huɗun farko na kowane fayil. Windows Server 2025 ma ta zo da wani sabon cire maimaici da matsewa wanda aka gina cikin ReFS ɗin kansa. Duk wannan bai amfani mai 2016 da komai ba.

A nan ban ga laifin wanda ya haɗa sabar ba. ReFS a 2016 na da dabarar kwafin tubali, wato ɗan yankin bayanai a kan faifai, ba tare da sake rubuta shi ba, wadda ke sa haɗe wuraren dawowa na Hyper-V, wato matakan da ake ajiyewa don a iya komawa baya, ya ƙare cikin daƙiƙoƙi maimakon a zauna jira. Zaɓi ne mai ma'ana a ranar da aka yi shi. Matsalar ita ce babu hanyar juya ReFS ya koma NTFS da kaya a kai. Umarnin convert da mutane suka sani daga FAT zuwa NTFS kawai yake kaiwa. Sai dai a kwashe komai, a yi sabon fomat, a dawo da su, ko kuma a ɗaga Windows ɗin zuwa 2019 ko sama.

Na ba da shawarar kada a yi ko ɗaya saboda wannan dalilin kaɗai. Kwamfutocin uku ne: ɗaya ta manhajar lissafin kuɗi mai SQL Server, rumbun bayananta, a ƙarƙashinta, ɗaya mai raba lasisin manhajar zane, ɗaya kuma tsohuwar Windows da aka bari don manhajar wata na'urar awo da ba ta aiki a kan sabuwa. Alƙaluman 80 zuwa 95 daga wuraren da ke da kwamfutoci da dama masu Windows iri ɗaya sak suke fitowa, inda kusan komai maimaici ne. Uku masu Windows daban-daban ba za su ba da haka ba. Ga kuma SQL Server, wanda ke rubutu da karatu ko'ina cikin fayil ɗinsa dare da rana. Irin wannan aiki ba ya jituwa da tsarin da ke jiran fayil ya natsu kafin ya yayyanka shi. A ɗauki kasadar kwashe kwamfutar albashi a dawo da ita don ragin da bai taka kara ya karya ba, ban ga riba ba. Tallafin Windows Server 2016 zai ƙare a watan Janairun 2027, dole dai a ɗaga ta kafin nan, to a bar maganar E sai lokacin. Na dai ja kunnensu da abu guda: ranar da sabuwar Windows ta hau ɓangaren ReFS tana iya ɗaga sigarsa, tsohuwar kuma ta kasa karanta shi, don haka tafiya ce da ba a dawowa sai da bakof, wato kofin ajiya na ko-ta-kwana, a hannu.

Faifan USB bai ɗauki lokaci ba. An yi masa fomat da tsarin exFAT don ya buɗu a kan MacBook ɗin shugaban, kuma exFAT da FAT32 ba su da manunin da cire maimaici ke dogara da shi. Ko da NTFS ne, Microsoft ba ta goyon bayan faifan da ake cirewa. Wasu faifan USB kan bayyana wa Windows kamar kafaffu har ta yarda a kunna, amma amfanin wannan faifan shi ne ranar da sabar ta mutu a soka shi a kowace laftof a ci gaba da aiki. Windows 10 da 11 ba su da mai harhaɗo gutsattsari. Za ka ga sunayen fayiloli reras, ka danna, su ƙi buɗewa.

Akwatin saman kabad

Z ya ɗan jawo muhawara. Wani ɗan hidimar ƙasa da ke taimaka musu da kwamfutoci, yaro mai kaifin kai, ya ce ai Z na da harafi kamar D, me zai hana? Harafi ba ya mayar da folda ta zama faifai. Z folda ce da akwatin ke rabawa ta hanyar sadarwa, tsarin fayil ɗin na akwatin ne, ba na Windows ba, kuma ext4 ne na Linux, wanda ba shi da cire maimaici kwata-kwata. Da a ce akwatin ya miƙa wa sabar wuri ta iSCSI, hanyar ba da faifai sukutum ta sadarwa, Windows ta yi masa fomat da NTFS da hannunta, to da ya halatta, domin a idonta faifai ne nata. Akwatin na iya yin haka. Muka ƙi, saboda shi ne kofi na biyu na aikin ofis, kuma kofi na biyu da ba ya buɗuwa sai ta hannun sabar da ake tsoron mutuwarta ba kofi ba ne.

Sai yaron ya kawo wata: akwai tsohuwar kwamfuta a sito mai ram gigabayit 8, a sa mata TrueNAS, manhajar da ke mayar da kwamfuta ma'ajiya, a kunna cire maimaici na ZFS, tsarin fayil ɗinta. "Oga Injiniya, layi ɗaya ne fa, dedup=on." Layi ɗaya ne, gaskiya ne. ZFS na da wannan tun 2009, zamanin kamfanin Sun, kuma nasa ya bambanta da na Windows: a lokacin rubutawa yake yi, kowane tubali sai an duba shi a tebur kafin ya sauka kan faifai. Teburin nan ne tsadar. Kowane tubali na cin kimanin bayit 320, kuma in ana son sauri sai teburin ya zauna cikin ram. Na ba shi biro na ce ya lissafa. Terabayit 4, a tubalin kilobayit 128 da ZFS ke amfani da shi in ba a canza ba, tubali miliyan 33 da rabi ne. A ninka da 320, ya haura gigabayit 10. Wannan in duk fayilolin manya ne. Ƙananan fayiloli na ƙara yawan tubali, shi ya sa masu harkar kan ce a tanadi wajen gigabayit 5 ga kowane terabayit. In teburin ya fi ƙarfin ram ya zube kan faifai mai juyawa, rubutu kan koma tafiyar hawainiya, goge babban fayil ma ya zama aiki. Kuma kashe shi daga baya ba ya warware abin da aka riga aka rubuta. OpenZFS 2.3 da ta fito a farkon 2025 ta rage wannan nauyi sosai, amma ba ta mayar da gigabayit 8 ta zama 16 ba. Ya kalli lissafinsa ya yi dariya ya ce a bar shi da matsewar lz4, wadda kusan kyauta ce.

Don cikar bayani na nuna masa sauran hanyoyin Linux, ko da wata rana. Btrfs da XFS suna iya sa fayiloli biyu su raba tubali ɗaya, amma ba sa neman maimaicin da kansu, sai an kawo wata manhaja irin duperemove ta bi ta gano, ko bees a kan Btrfs. Akwai kuma VDO, wanda Red Hat ta samu da ta sayi Permabit a 2017, ya shiga ƙwayar Linux a siga ta 6.9 a 2024. Shi a ƙarƙashin tsarin fayil yake zama yana aiki da tubalin kilobayit 4, don haka ko ext4 aka ɗora a kansa ana samun ragi. Ƙaramin akwatin ofishin ba ya ba da damar ko ɗaya daga ciki.

Abin da ya biyo baya

D ya yi sauƙi kamar yadda awo ya nuna, kayan C suka samu wuri, C ya numfasa. Matsalolin da suka taso bayan haka babu wadda ta fito daga na'ura, duk daga yadda ofishin ke rayuwa suka fito.

Hajiya ce ta fara kira, hankalinta a tashe. Ta duba bayanin wata foldar takardun kwangila ta ga girmanta gigabayit da yawa, amma layin da ke ƙasa, na girmanta a kan faifai, kusan sifili. "Injiniya, takarduna sun tafi ne?" Na ce, "Hajiya, buɗe ɗaya ki gani." Ta buɗe, ga ta nan lafiya. Manunin kawai Windows ke aunawa a wannan layin, ainihin kayan na cikin ma'ajiyar gutsattsari. Na biyu ya fi wannan ciwo: masu neman takarda ta hanyar rubuta wata kalma da ke cikinta suka ga sakamako ya ragu. Windows Search ba ya shiga fayilolin da aka mayar manuni, tsallake su yake yi. Ga foldar wasiƙu, inda ake yawan irin wannan nema kuma ragin ba shi da yawa, sai muka cire ta daga tsarin muka dawo da fayilolinta yadda suke.

Sai kuma maganar Asabar. Bayan an goge tsofaffin ayyuka da yawa, wuri bai dawo ba. Goge fayil manuninsa kawai yake cirewa. Gutsattsarin da babu mai nuna su kuma sai aikin shara ya zo ya kwashe, kuma Microsoft ta ajiye wannan aikin ranar Asabar da ƙarfe 2:35 na dare, aikin duba lafiyar ma'ajiyar kuma da 3:35. An tsara haka ne da tunanin ɗakin sabar da ba a kashewa. A wannan ofishin, ranar Juma'a da yamma ake kashe janareto, batirin inbata ya ɗan ja zuwa dare, mai gadi ya ji ƙarar na'ura, sabar ta kwanta sai Litinin. Wato tun da aka kunna, shara ba ta taɓa gudana ba, duba lafiya ma haka. Na biyun ya fi damuna. A ɓangaren da aka cire wa maimaici, gutsure ɗaya in ya lalace yana iya ɓata fayil ashirin a lokaci guda. Windows na ajiye kofi na biyu na duk gutsuren da aka nuna fiye da sau 100, kuma aikin duba lafiyar ne ke gano ɓarna ya gyara daga wannan kofin. Muka ɗauke ayyukan biyu daga daren Asabar: shara ta koma Juma'a da rana, lokacin da yawancin ma'aikata sun tafi masallaci kuma janareto na aiki, duba lafiya kuma yammacin Laraba.

Bakof ne ya zo ƙarshe, kuma shi ya fi tsada. Ragin da aka samu na cikin D ne kaɗai. Duk fayil da ya bar D zuwa faifan USB ko zuwa Z, da cikakken girmansa yake fita, kofi huɗun nan su koma huɗu. Da can C da D tare ba su fi ƙarfin faifan shugaban ba sosai, ana ɗan zaɓe a kwafa. Yanzu da wuri ya samu, ma'aikata sun saki jiki suna zubawa, D na ɗauke da kayan da in aka warware su sun ninka abin da yake nunawa. Haka kuma in wata rana aka so kashe tsarin a mayar da komai yadda yake, sai an sami wurin da zai ɗauki wannan cikakken girman, wanda D kansa ba shi da shi yanzu. Na rubuta musu cewa lambar da za su riƙa kallo ba sauran wuri kaɗai ba ce, har da jimillar ragin da umarnin Get-DedupStatus ke nunawa, domin ita ce, in aka haɗa ta da wurin da kaya suka ci a D, ke faɗin girman faifan bakof da suke bukata.

Windows Server Backup na iya ɗaukar ɓangaren gaba ɗaya a matsensa, da ma'ajiyar gutsattsarin da komai, sai dai wannan bakof ɗin a kan Windows Server kawai yake dawowa. Muka yi shi a matsayin na farko, zuwa wani faifai na NTFS. Na biyu, wanda kowace laftof za ta iya buɗewa, dole ya zama cikakke, kuma tsohon faifan shugaban ya yi masa kaɗan. Da na kai masa lissafin ya ce, "To Injiniya, ashe dai sai na sayi faifan." Na ce, "Ranka ya daɗe, na USB guda ɗaya, ba na sabar huɗu ba." Aka yi odarsa daga Abuja. Maganar E da lasisin sabuwar Windows Server kuma an tura ta kasafin baɗi, tare da ƙarin batir ga inbata.